Kurakuran da masu gwada manhajar nas-nas suke ta maimaitawa

Kusan duk matashin da ya ƙera manhajar taya nas yanke shawara kan mara lafiya, in ya kawo mana ita Jos sai ya ce an riga an gwada. A ina? A ɗakin taron otal a Abuja, da manyan sistoci. Na gaji da jin wannan amsa.

A otal akwai wuta, akwai intanet, kowa ya ƙoshi da barci. Wadda za ta riƙe na'urar kuwa ƙaramar nas ce mai aikin dare a ɗakin yara, cikin sanyin Disamba, da safar hannu, iyaye na kiranta ta ko'ina. Wata manhaja da aka kawo mana ta ci gwajin otal lafiya lau, amma gurbin rubuta nauyin yaro yana can shafi na uku. Allurar artesunate kuma, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da nauyi ake auna ta: miligiram 3 kan kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Nas-nas suka koma lissafi a bayan kati, na'urori suka kwanta a loka, watannin da muka zuba suka bi ruwa. Ni yanzu a ɗakin jinya nake gwaji, da dare, da labarin yaron da na ƙaga, ba mara lafiya na gaske ba.

Sai masu tambayar “Sista, yaya kika gan ta?” Me kake so ta ce? Kara za ta yi maka, ta ce ta yi kyau, ranka ya daɗe. Ka ba ta aiki: ga ɗan wata 8 yana numfashi 54 a minti, ta nemo abin yi tana faɗin tunaninta a fili. Kai kuma ka kame bakinka, ka sa hannu a aljihu! Da zarar ka nuna mata inda za ta taɓa, ka ɓata gwajin. Kada kuma shugabarta ta tsaya mata a kai.

Gargaɗin da manhaja ke nunawa in ya yi yawa, rufe shi ake yi ba a karanta ba, har da mai muhimmancin.

Kada ka jira ka tara mutum 50. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna mutum 5 kan bankaɗo yawancin matsalolin. Gyara, ka sake kiran wasu biyar.

Kashe data a tsakiyar gwaji, ka ga ko abin da nas ta rubuta yana nan.