Kurakuran da muke yi wajen koya wa 'yan firamare karatun taswira

Duk shekara sai an turo mana ɗaliban kwalejin horar da malamai su yi koyon aiki, kuma duk shekara sai na zauna a bayan aji ina kallon abu ɗaya. Malami ya rataye taswirar Najeriya a jikin allo, ya ɗauki sanda, ya nuna sama ya ce "arewa", ya nuna ƙasa ya ce "kudu", yara su amsa da ƙarfi, a kaɗa ƙararrawa. Na gaji da jan mutum ɗaya-ɗaya gefe ina yi masa gyara, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wannan "arewa tana sama" ita ce uwar ɓarna. Yaro ɗan shekara 8 ko 9 ba ya jin magana da kunnen babba. Ka ce masa sama, saman da ya sani ita ce inda shirwa take shawagi. Fito da shi filin makaranta ka ce ya nuna maka arewa, sai ka ga ya ɗaga yatsa yana nuna gajimare. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Kuma tun da ya san ruwa gangare yake bi, sai ya yanke a ransa cewa kowane kogi kudu ya nufa. To yaya za ka yi masa bayanin Kogin Nilu, da ya taso daga kudu ya ratsa Sudan da Masar ya zuba a Bahar Rum? Ko Kogin Neja, da ya faro daga tsaunukan Gini ya miƙa arewa maso gabas har kusa da Tumbutu, sannan ya karyo ta Yamai, ya shigo ta Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lokoja? Ba ma sai an je nesa ba: Kogin Haɗeja namu gabas ya sa a gaba, yana neman Tafkin Chadi.

Ni dai abin da nake yi, a makon farko ba na barin taswira ta taɓa bango. Tabarma nake shimfiɗawa a tsakar fili da safe. Mu fuskanci inda rana ta fito, in ce ga gabas, hagunku arewa, damanku kudu, bayanku yamma. Sai in kwantar da taswirar a kan tabarma, in sa yara su juya ta har kibiyar arewa ta kalli arewar gaske. Daga nan in tambaya: in za mu Katsina, wane gefe za mu bi? Su nuna da hannu, hannun kuma a miƙe yake ta bayan katangar makaranta, ba sama ba.

Amma a kula da wani abu. Muna cewa mai salla ya "kalli gabas", yara kuma sun tashi da wannan. Alƙibla daga Kano ba gabas tsantsa ba ce, ta karkata arewa da wajen digiri 22. Idan ka gina darasinka a kan fuskar masallacin unguwa ba tare da ka faɗi haka ba, ranar da ka kawo kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, yara za su ce kamfas ɗin ne ya lalace. Ita ma rana, a watan Maris da Satumba ne take fitowa daidai gabas, sauran watanni tana ɗan gusawa.

Kuskure na biyu ni na tafka shi da hannuna, kuma har yau yana ci mini rai. Ina sabon malami, na samu babbar taswira mai kyau, a ƙasanta an rubuta cewa santimita 1 tana madadin kilomita 10. Na auna nisan garuruwa a kanta, na rubuta amsoshi, sannan na kai shagon fotokwafi aka rage ta daga babbar takarda ta A3 zuwa A4 don kuɗin ya ishi kowa. Na raba, aka yi gwaji. Ajin gaba ɗaya ya faɗi. Na shiga na zazzaga musu faɗa, na ce ba sa saurare, na hana su fita tara. Washegari wata yarinya mai shiru-shiru ta kawo mini takardarta da rularta, ta ce, "Malam, don Allah ka auna da kanka." Na auna. Amsarta ce ta fito, ba tawa ba. Na'urar ta rage zanen, rubutun ma'aunin kuwa yana nan yadda yake, sai tafiyar kilomita 100 ta koma kamar 71. Yaran sun yi aikinsu daidai, ni na zalunce su. Na tsaya gaban aji na ba su haƙuri, na gyara maki, amma akwai waɗanda har zangon ya ƙare ba su ƙara ɗaga hannu a darasina ba.

Don haka ku ji da kyau, ku masu gudu shagon fotokwafi da safiyar ranar darasi: kada ku kuskura ku rage ko ku ƙara girman taswira sannan ku dogara da ma'aunin da aka rubuta da lambobi. Ku nemi mai ma'aunin layi, wato wannan ɗan zanen mai kama da rula, domin shi tare yake raguwa da taswirar. In babu, ku zana shi da kanku kafin a kwafa. Kuma haba, minti biyu ne a ɗauki kwafi ɗaya a auna kafin a raba wa yara. Wace irin gaggawa ce za ta hana? Hanya mai lanƙwasa kuma ba a auna ta da rula. Zare ake bi da shi kwana-kwana, sannan a miƙe shi a jikin ma'auni.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne fara wa yaro da taswirar duniya alhali bai taɓa zana ajinsu ba. Taswira kallon abu ce daga sama, wannan kuwa sai an koya. Ina ɗora kofi da littafi a ƙasa, yaro ya hau benci ya leƙa: kofi ya zama da'ira, littafi ya zama murabba'i. Sai mu zana aji, sai makaranta, sai hanyar gida zuwa rijiya ko masallaci. Wanda ya zana wa gida rufi da taga, bai gane ba tukuna, a mayar da shi kan benci.

Ƙananan kurakurai kuma ga su. Yara suna tsallake akwatin bayanin alamomi, to kada ka amsa tambaya ko ɗaya sai sun karanta shi. A taswirar tudu da kwari, kore yana nufin ƙasa mai kwari, ba daji ba. Taswirar duniya da aka baje a takarda sau da yawa tana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da kudu, har tsibirin Girinlan ya yi kamar Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14, don haka a samo ƙwallon duniya ko da aro ne.

Sai tsufan taswira. A duba shekarar bugu kafin a rataye. Katsina ta zama jiha a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe da Nasarawa a 1996, lokacin da jihohi suka cika 36. Taswirar Afirka da babu Sudan ta Kudu a cikinta ta girmi 2011. Na taɓa shiga wani aji na tarar da yaro ɗan Dutse yana ta laluben jiharsu da yatsa a kan taswirar da aka buga tun ana jihohi 19, malaminsa kuma tsaye a kansa yana cewa ya buɗe ido. Na cire ta daga ƙusa a take, na naɗe, na tafi da ita ofis.