Aikatau a Sifaniyanci: Shawara ga Sabon Zuwa Mai Shirin Jarrabawar DELE

Duk wanda ya zo Sifaniya da niyyar zama, ko ba daɗe ko ba jima zai haɗu da jarrabawar DELE, wato jarrabawar gwada iya Sifaniyanci ta cibiyar Cervantes mai kula da koyar da harshen, domin tun shekarar 2015 ba a ba baƙo irinmu takardar zama ɗan ƙasa sai ya ci matakinta na A2, na biyu daga ƙasa, tare da jarrabawar CCSE a kan tsarin mulki da zamantakewar ƙasar. A wannan mataki na DELE ana neman maki 30 cikin 50 a ɓangaren karatu da rubutu, da wasu 30 a ɓangaren sauraro da magana, kuma a duka ɓangarorin aikatau ne yake kayar da mutane.

Tushen wahalar a bayyane yake. A Hausa lokaci yana gaban aikatau: na ci, ina ci, zan ci, nakan ci, shi kuwa "ci" bai motsa ba. Sifaniyanci a wutsiyar kalma yake ajiye lokaci da mai aikin baki ɗaya, shi ya sa kunnen Bahaushe, wanda ya saba tsinkayar farkon zance, yake barin ƙarshen ya wuce shi. Sai ka koya wa kunnenka jiran wutsiya. Hablo na nufin "ina magana", habló kuwa "ya yi magana", bambancinsu kawai gaɓar da aka nauyaya, kuma wannan bai kamata ya gagari mai harshen da karin sauti yake raba ma'anar kalmominsa ba.

Aikatau rukuni uku ne, masu ƙarewa da -ar, -er da -ir. Ka haddace hablar (yin magana), comer (ci) da vivir (zama) sosai, sauran masu bin ƙa'ida za su biyo sahu.

Inda nake roƙon a daɗe shi ne shuɗaɗɗen lokaci, wanda ya kasu uku. He comido, wato "na ci", ana faɗarsa game da abin da ya auku yau ko cikin wannan mako, musamman a Madrid da kewaye. Comí na jiya ne ko bara, abin da ya wuce ya ƙare. Comía kuwa ita ce "a da nakan ci" ko "ina cikin ci", kuma ita ce mafi sauƙi, tunda aikatau uku kacal suke saɓa mata: ser (kasancewa), ir (tafiya) da ver (gani). Idan mai jarrabawa ya nemi labarin garinku, da comía za ka zana yadda rayuwa take, da comí za ka kawo abin da ya faru rana ɗaya. Ka lura kuma cewa fui tana iya zama "na tafi" ko "na kasance".

Kada subjuntivo, sigar aikatau ta nuna buri ko fata, ya tsorata ka tun yanzu, sai matakin B1 ake matsa lamba a kansa, kuma muna da irinsa: "ina so ka zo" ita ce quiero que vengas.

Ka yi rajista a Escuela Oficial de Idiomas, makarantar koyon harsuna ta gwamnati, a garin da kake zaune, kuɗinta bai kai na makarantu masu zaman kansu ba. Kowane dare ka rubuta jimla biyar a kan yininka, washegari ka sake rubuta su da ayer (jiya) a gaba, ka ga yadda he ido (na tafi) take komawa fui.