Yadda za ki saki littafinki a intanet ba tare da ya mutu a hanya ba

A da in mutum na son littafinsa ya fito a Kano sai ya tara kuɗin maɗaba'a, ya nemi mai zanen bango, sannan ya kai wa 'yan kasuwar littafi su sayar, kuɗin kuma ya riƙa dawowa a gutsure in ma ya dawo. Yanzu waya mai caji da ɗan data sun wadatar. To sauƙin nan shi ne yake kayar da sababbin marubuta, don ba wanda zai tsayar da ke ya ce littafin bai nuna ba tukuna. Da mata nake magana saboda mu ne muka fi yawa a harkar, amma maza ma ku karanta. Buɗe akawun a Wattpad, manhajar sakawa da karanta labarai, ko Facebook kuwa ba zan ɓata lokaci a kai ba, na san kin iya.

Abu na farko, kar ki saki ko shafi ɗaya sai kin yi nisa da rubutu. Ni a wajena doka ce, sai kin rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku na labarin, kuma kin san yadda zai ƙare. Kusan duk wadda na ga littafinta ya tsaya cak ga yadda abin ya faru: labari ya zo mata da daddare da zafinsa, ta yi taifin shafi biyar, washegari ta watsa a gurup, aka yi ta zuba mata yabo, "wow Anty ci gaba", "muna jiran nes fej", daɗi ya kama ta ta yi alƙawarin fostin kullum. Sati biyu ana tafiya lafiya. Sai biki ya taso a gida ko jarabawa ko yaro ba lafiya ko a kwana uku ba wuta, babu ko shafi ɗaya a ajiye, sai ta fara taifin da ƙarfe sha ɗaya na dare ido na rufewa don kawai a daina damunta, a nan ne za ki ga wadda aka ce marainiya ce a shafi na uku ga babanta yana mata faɗa a shafi na ashirin.

Abin da ya fi wannan muni ma masu komen ne. In ba ki riga kin rubuta gaba ba to su za su rubuta miki littafin. Wannan ta ce don Allah kar a raba auren nan, waccan ta ce wallahi in ba a wulaƙanta kishiyar nan ba ta daina karantawa, ke kuma kina tsoron kar su gudu sai ki yi ta lanƙwasa labari kina bin son ransu, daga ƙarshe ya zama kamar miyar da kowa ya jefa mata nasa gishirin. In kuwa rubutun yana ajiye sai dai ki karanta komen ki yi dariya ki saki abin da kika riga kika tsara. Kuma ki faɗi ranakun fostin da za ki iya, sau uku a sati ya isa, kullum-kullum ɗin nan ba ya ɗorewa.

Kar ki yi taifin kai tsaye a cikin WhatsApp. Ki yi a manhajar rubutu irin WPS ko Google Docs, duk shafin da kika gama ki tura wa kanki a imel. Waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, mai gyara yana yi mata fomatin bai tambaye ki ba. Ki sa kibod ɗin Gboard a Hausa don ki samu ƙ da ɗ da ɓ, kyauta ne, sannan ki ba mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyarki ya karanta kafin ki saki. Ƙawar da za ta ce komai ya yi ba ta da amfani a nan.

Sai wurin sakawa. Wattpad shi ne ma'ajiyar littafin, shafuka a jere, wanda ya zo daga baya zai iya farawa daga farko. WhatsApp kuma nan ne jama'a suke, gurup ɗaya yana ɗaukar mutum 1024, amma shafi yana nutsewa cikin surutu da sitika, don haka ki rufe gurup ɗin ya zama admin kaɗai ke magana, ki buɗe wani daban na sharhi. Facebook na talla ne, ki ɗan gutsuro wuri mai daɗi ki sa da link. Shiga ƙungiyar marubuta yana taimakawa wajen yaɗa shafuka, amma ɗaya ta isa.

Maganar kuɗi. Littafin farko kyauta za ki yi shi har ƙarshe, ba na ja da kowa a kan wannan, ba wanda zai biya kuɗi ga marubuciyar da bai taɓa ganin ta kammala labari ba. Daga na biyu sai ki sa kuɗi, ki saki shafukan kyauta kamar goma zuwa sha biyar, ki yanke a inda rikici ya ƙulle, kuma ki sanar tun a shafin farko cewa na kuɗi ne, kar sai an yi nisa ki ce a biya, mutane suna jin haushin wannan sosai. Farashi ki duba abin da na kusa da ke suke sawa, kar ki fara da tsada. Ki ba da lambar akawun, banki ko Opay ko Moniepoint, a turo shaidar biya, amma ki duba balans ɗinki da idonki kafin ki sa mutum a gurup don ana gyara hoton risit. Masu karatu na Nijar suna da yawa fiye da yadda ake zato kuma ba naira ce a hannunsu ba, sai ki nemi amintacce a can da zai karɓar miki sefa ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko makamancinsa. Kuma in kin karɓi kuɗin mutane littafin ya zama bashi a wuyanki, shi ya sa na kuɗi kam sai an gama rubuta shi kaf.

Sata za a yi, ki sa wannan a ranki. Ranar da kika gama za ki ga an haɗa shi dokumen yana yawo, ko wata tasha a YouTube tana karanta shi ba a tambaye ki ba. Rubuta "ban yafe ba" a saman shafi ba ya hana komai. Ki riƙa sa sunanki a tsakiyar kowane shafi, ba a sama kawai ba inda za a goge cikin sauƙi, kuma YouTube suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka, suna sauke bidiyo in kin nuna naki ne, ranar da kika fara sakawa a Wattpad ma hujja ce. Sa littafin a manhaja irin Arewabooks yana rage kwafa tunda a cikin manhajar ake karantawa. Sai dai kar ki dogara da wuri ɗaya, OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a 2023, kwafinki na asali ya zauna a hannunki.

Sauran ba wuya. Bango ki haɗa a manhajar zane ta Canva, kar ki ɗauko hoton 'yar fim ko na wata baiwar Allah daga Instagram ki manna. In littafin ya karɓu kina son bugawa a takarda, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samu, ki fara da kwafi kaɗan na waɗanda suka riga suka yi oda. In kuma kina gajerun labarai ki gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata, amma wanda za ki tura kar ki sake shi a gurup tukuna, ki fara karanta sharuɗɗan shekarar.