Yadda za ka yi amfani da kalmar censure ba tare da ka haɗa ta da censor ba

In kana bin labaran siyasa da Turanci, musamman na Amurka, dole ka ci karo da censure. Ana furta ta kamar "sensha", kuma nufinta tsawatarwa mai tsanani da majalisa ko wata hukuma ke yi wa mutum a bainar jama'a kuma a rubuce, wato Allah wadai ne amma na hukuma, ba irin faɗan da oga zai yi maka a ofis gobe ya manta ba.

Asalinta Latin ne, censere, wato aunawa ko yanke hukunci a kan abu. A tsohuwar Rum tun wajen shekara ta 443 kafin haihuwar Annabi Isa akwai wasu jami'ai guda biyu da ake ce wa censor, su ke ƙidayar mutane da dukiyarsu, sannan su ke sa ido kan ɗabi'un manya, in sanata ya yi abin kunya sai su sa alama a gefen sunansa su cire shi daga majalisa. To daga nan census da censor da censure duk suka fito, ita censure ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci.

Kafin ka rubuta ta fara tambayar kanka, wa ke tsawatarwar? In mama ce ta yi wa yaro faɗa don ya fasa kofi, scold za ka ce, kar ka ɗauko censure, ta yi wa maganar nauyi sosai. Amma majalisa, kotu, ƙungiyar likitoci ko lauyoyi, nan ne gidanta. Ka sa sunan mutumin bayanta sai for sai laifin, misali The Senate censured him for misconduct. In a matsayin suna (noun) kake son ta, vote of censure ko motion of censure.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne censor. Ita tacewa ce, a yanke wani sashe na fim ko a hana buga labari, irin aikin hukumar tace fina-finai ta Kano. Mutum ake censure, fim ko rubutu ake censor, ka riƙe wannan kawai ya ishe ka.

Sai kuma ka duba ƙasar da labarin ya fito, don nauyinta ba ɗaya ba ne. A Amurka ba ta raba kowa da kujerarsa, a majalisar wakilai ɗan majalisar zai tsaya ne a gaban zauren, shugaban majalisa ya karanto masa laifinsa kowa na kallo, shi kenan, kora kuwa sai an samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Majalisar dattawa ma ta taɓa yi wa shugaba Andrew Jackson a 1834, a 1837 aka soke ta daga kundi. Amma in ka ga motion de censure a labarin Faransa ko Nijar to fa ba wasa, gwamnati take kayarwa, ita ta yi waje da firayim ministan Faransa Michel Barnier a Disamban 2024, ita ce kuma ta sauke gwamnatin Hama Amadou a Yamai a 2007. In irin wannan kake fassarawa, ƙuri'ar rashin amincewa za ka rubuta.