Kurakuran da ake yi wa dattijon da hayaniya ke hana shi fahimtar magana

A gidaje da yawa akwai dattijon da idan kun zauna ku biyu a ɗaki zai ji duk abin da ka faɗa, amma ranar suna, da zarar janareta ya tashi, yara suna guje-guje, mata suna hira a tsakar gida, sai ka ga ya koma gyaɗa kai kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce kunnen uwar shegu yake yi, ko kuma yana jin abin da ya ga dama ne. Wannan zargi yana ci mini rai, domin ba shi da tushe.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Shekaru suna kashe su sannu a hankali, ba sa sake tsirowa, kuma waɗanda ke kama sirara sauti su ne ke fara mutuwa. Wasula suna da kauri da ƙarfi, don haka dattijo yana jin su, amma baƙaƙe irin su s, sh, ts da f sirara ne, alhali su ne ke raba "sauri" da "tsauri", ko "sata" da "fata". A wuri mai shiru ƙwaƙwalwa tana cike giɓin daga ma'anar zancen, amma hayaniya tana danne ragowar sautin, ga shi ita kanta ƙwaƙwalwar ta rage hanzari wajen tsamo murya ɗaya daga cikin muryoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura rayuwa.

Saboda rashin sanin haka ne ake ɗaga masa murya. Ihu yana ƙara ƙarfin wasula, baƙaƙen kuwa suna nan a ɓoye, sannan kunnen da ya raunana yakan ji sauti mai ƙarfi da zafi, shi ya sa za ka ji ya ce, "Ai ni ba kurma ba ne, daina yi mini tsawa." Gyaran shi ne a yi magana a tsanake, a fara ambaton batun da za a tattauna, idan bai gane ba a sauya kalmomin maimakon a nanata su sau uku.

Akwai wani kuskure da ladabi ke jawowa, kuma shi ya fi wuyar gyarawa. An koya mana mu durƙusa mu sunkuyar da kai a gaban babba, suruka kuma takan ja mayafi ta rufe baki, ta yi ƙasa da murya. Na taɓa ganin wata jika tana gaya wa kakarta lokacin shan magani kanta a sunkuye, rediyo yana ta magana a gefe, tsohuwar tana amsawa da "to" ba tare da ta kama ko kalma ɗaya ba. Mai raunin ji yana karanta leɓe da fuska ko da bai san yana yi ba. A durƙusa ɗin, amma a matso kusa, a ɗago fuska ta fuskanci haske, a kira shi "Baba" ko a kira ta "Hajiya" har a haɗa ido kafin a fara magana. A kashe talabijin da rediyo, kuma a wurin biki a zaunar da su nesa da lasifika.

Wasu kuma sukan ce tsufa ne, babu abin yi, alhali wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe, wadda ma'aikacin lafiya zai cire cikin ɗan lokaci. Sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza yana tura ta ciki, kuma allurar gentamicin da ake yi barkatai a kemis tana iya lalata ji har abada. A je a yi gwajin ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan lamari ne na gaggawa, kada a kwana a kansa.

Na'urar ƙara ji ma ana kuskure da ita. Wadda aka saya a kasuwa tana ƙara komai, har da ƙarar janareta, shi ya sa ake jefa ta a aljihun tebur bayan kwana biyu. Wadda ƙwararre ya saita bisa sakamakon gwaji tana ɗaga sirara sautin da suka ɓace, amma ƙwaƙwalwa tana buƙatar makonni kafin ta saba, don haka a fara sa ta a ɗaki mai shiru, a riƙa ƙara lokacin a hankali, a kuma koma wurin wanda ya saita ta idan har yanzu magana ba ta fita.