Kurakuran da aka fi yi wajen auna ɓarnar gobarar daji a ƙasar Sakkwato

Da an kawar da amfanin gona hunturu ya kankama, wuta kan fara cin dazuzzukanmu. Wata ta mafarauta ce masu korar zomo da gafiya, wata ta masu cire zuma, wata kuma ta manomin da ya ƙona shara iska ta ƙwace masa. Ɗalibanmu na fannin gandun daji da malaman daji suna ƙoƙarin tattara bayanai a kai, sai dai akwai kurakuran da ke sa wahalarsu ta tashi a banza.

Babban cikinsu shi ne zuwa sau ɗaya a yanke hukunci. Wanda ya je washegarin gobara toka zai tarar da baƙin kututture, ya rubuta cewa daji ya mutu. Wanda ya je bayan 'yan makonni zai ga sabara da kalgo sun yi toho shar daga gindi, ya ce ai babu abin da ya faru. Dukansu ba su ga gaskiyar lamarin ba. Gyaran shi ne a keɓe fili, a kafa masa turaku, a ɗauki lambobinsa da na'urar GPS mai nuna inda wuri yake, a riƙa komawa a lokaci guda kowace shekara. A gefensa kuma a ware wani makamancinsa, a share masa layin tsaida wuta, domin idan babu filin da bai ƙone ba, da me za ka gwada? A gandun dajin Olokemeji kusa da Ibadan haka aka yi tun 1929: fili ɗaya ana ƙona shi farkon rani, ɗaya ƙarshen rani, ɗaya an hana wuta shiga. Sai da aka kwashe shekaru kafin bambancin ya fito sarai, inda filin da aka kare ya cika da itatuwa, na ƙarshen rani kuwa ya fi kowanne asara. Can sun fi mu ruwan sama nesa ba kusa ba, don haka tsarinsu za mu ɗauka, sakamakon kuwa sai mun auna namu.

Daga nan ne kuskure na biyu ke fitowa, wato haɗa kowace wuta a buhu ɗaya. Wutar Nuwamba, lokacin da gamba da ƙyasuwa ke da sauran danshi, takan bi sama-sama ta bar tsibirai da dabba za ta fake. Ta Maris kuwa, ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska, har bawon manyan itatuwa take ci. Duk takardar da ba ta nuna watan da wutar ta tashi da yanayin ciyawa ba, rabin bayani ta kawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirga manyan itatuwa kaɗai. Kuka, ƙirya da marke da suka girma sukan jure, sai mai bincike ya ga suna tsaye ya ce lafiya lau. Durƙusa ka duba ƙasa. Za ka ga ɗan itacen da bai wuce gwiwa ba, amma ka tona gindinsa ka tarar da saiwa mai kaurin damtse: shekara da shekaru yana tohowa wuta na mayar da shi baya. Dajin da babu matasan itatuwa a cikinsa, ranar da tsofaffin suka faɗi fili zai koma. A auna tsawon ƙananan, a sa musu alama, a ga nawa ne ke tsallake tsayin harshen wuta.

A ɓangaren dabbobi ma ana ruɗuwa. Shirwa kan taru a kan gobara suna cafkar fara, wannan ba ya nufin tsuntsaye sun ƙaru. Rashin ganin gawa kuma ba ya nufin babu asara. Kunkuru da bushiya ba su iya tsere wa wuta, zabin daji da makwarwa suna tashi amma mafakarsu ta tafi. Sawu, kashi, ramuka da sheƙa ake bi, da rani da damina.

Kada kuma a ɗora wa wuta laifin komai. A ƙasarmu kiwo, saran itacen girki da gawayi suna tafiya tare da ita, dole a rubuta su. Hotunan tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ake samu kyauta a intanet, suna taimakawa, amma ƙaramar wutar da ta tashi ta mutu tsakanin wucewar tauraron ba ya kama ta. Makiyayi ko sarkin dawa na ƙauyen zai gaya maka shekarar da wurin ya ƙone, a tambaye su da ladabi.

Sannan a zaɓi wurin da za a iya komawa. Da halin tsaron da ake ciki, daji irin na Gundumi ba wurin tura ɗalibi ba ne. Fili kusa da gari, da izinin hakimi, ya wadatar, muddin wanda ya gama karatu zai bar littafin awonsa da lambobin turakunsa a sashe, na bayansa ya ɗora daga inda ya tsaya.