Yadda ake gane halaccin abincin gwangwani da na leda

Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka gina hukuncin abinci a kanta ita ce, asalin kowane abu halas ne har sai dalili ya zo da haramcinsa. Abubuwan da aka haramta kuwa ƙidayayyu ne: mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka don wanin Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, sai kuma giya da duk abin da ke sa maye. Saboda haka wanda ya ɗauki gwangwani ko kwali a hannunsa abu ɗaya yake bincike, wato ko ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga ciki ta wata hanya da ido ba ya gani.

A fara da duba irin abincin. Shinkafa da sukari da man tsirrai da kayan lambu da kifin gwangwani ba su buƙatar dogon nazari. Inda ake tsayawa shi ne duk abin da ya ƙunshi nama ko kitse ko romo, sai alawa mai danƙo, da cuku, da biskit, da kek, da miyar kwalba, domin a nan ne sinadaran da ake samu daga dabbobi suka fi ɓuya.

Daga nan sai a nemi tambarin halal, amma a lura da wanda ya ba da shi. Kalmar halal kaɗai a jikin leda ba hujja ba ce, tunda kowane kamfani na iya buga ta. Tambarin da ake dogara da shi yana ɗauke da sunan hukumar da ta binciki masana'antar, irin su JAKIM ta Malesiya, da BPJPH ta Indunisiya, da MUIS ta Singafo, da IFANCA ta Amurka, kuma yawancinsu suna da shafin intanet da za a iya tabbatar da sunan kayan a ciki. Su ma hukumomin ba su yi ittifaƙi a kan komai ba. A Birtaniya, alal misali, hukumar halal ta HMC ba ta karɓar naman dabbar da aka sumar kafin yanka, alhali hukumar HFA tana karɓa matuƙar dabbar tana da rai lokacin da wuƙa ta hau wuyanta.

Idan babu tambari, sai a koma ga jerin kayan haɗi, wanda ake rubutawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Kalmomi irin su pork da lard da porcine, ko porc da saindoux a kayan da aka rubuta da Faransanci, duk alade suke nufi, kuma da zarar an gan su magana ta ƙare. Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne jelatin, sinadarin da ke sa alawa danƙo, wanda kuma ake yin ɓawon wasu ƙwayoyin magani da shi. Ana tatso shi daga fata da ƙashi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade yake, sauran daga shanu da kifi. Idan an rubuta na kifi ne, babu matsala. Idan na saniya ne, tambayar yanka ta taso. Idan kuwa ba a fayyace ba, bai kamata a ɗauka na saniya ne ba. Pektin da agar, waɗanda ke yin irin wannan aiki, daga 'ya'yan itace da ciyawar teku suke.

Lambobin da ke farawa da harafin E sun tsorata mutane fiye da kima. Tsari ne na Tarayyar Turai na sanya wa sinadaran abinci lamba, kuma lambar tana faɗin sunan sinadarin ne kawai, ba ta faɗin inda aka samo shi. E300 bitamin C ne, E330 tsamin da ke cikin lemo ne, E322 kuma lesitin ne da galibi ake samu daga waken soya. Waɗanda ke buƙatar tambaya su ne irin E471 da E422, da ake iya yi daga man tsirrai ko kitsen dabba, da E920 da ake gyara ƙullin burodi da shi, wanda kan fito daga gashin tsuntsaye ko ta hanyar ƙwayoyin halitta, sai E120, jan launin da ake samu daga wani ƙwaro, wanda malamai suka yi saɓani a kansa. Dogayen jerin lambobin da ake yaɗawa ta waya ana cewa dukkansu alade ne ba abin dogaro ba ne, domin lamba ɗaya tana iya zama daga manja a wata masana'anta, daga kitse a wata.

A nan ne mas'alar istihala take shigowa, wato rikiɗewar abu mai najasa zuwa wani abu dabam da ya saɓa masa a suna da siffa, kamar yadda giya ke komawa khal. Hanafiyya da da yawa daga Malikiyya da Ibn Taimiyya suna ganin rikiɗewa tana tsarkakewa, yayin da Shafi'iyya da mashhurin ra'ayin Hanbaliyya suka taƙaita hakan ga wurare kaɗan. A kan wannan ne wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin, amma cibiyar fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta hana amfani da na alade a abinci, kuma manyan hukumomin ba da tambari a kan hanin suke. A ganina hanin ya fi ƙarfi, ganin cewa jelatin bai yi nisa da sinadarin fatar da aka ciro shi ba, ga kuma madadinsa a wadace. Irin wannan saɓani yana nan a kan renet, sinadarin cikin ɗan maraƙi da ake daskarar da cuku da shi: Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa ko da ba a yanka dabbar ba, Malik da Shafi'i kuwa ba su yarda ba.

Batun barasa yana da fuska biyu. Abincin da aka zuba wa giya da gangan, kamar cakulan mai ruwan giya a ciki, haramun ne, bisa hadisin da ya haramta kaɗan ɗin abin da mai yawansa ke sa maye. Amma ɗan abin da ake narkar da ƙamshi da shi, kamar ruwan banila wanda dokar Amurka ta ce ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa, ɗigo kaɗan ake sawa a ƙulli mai yawa, kuma hukumomi da dama suna sassautawa idan ba daga masana'antar giya aka samo shi ba. Majalisar Malaman Indunisiya, a fatawarta ta 2018, ta ɗauki abin sha da ya kai kashi 0.5 cikin 100 a matsayin giya.

Tambarin masu cin ganyayyaki zalla yana kawar da shakkar nama da jelatin, sai dai bai ce komai a kan barasa ba, haka ma tambarin kosha na abincin Yahudawa bai kawar da shakkar barasa ba, tunda addininsu bai hana giyar inabi ba. A kuma duba ƙasar da aka yi kayan, domin suna ɗaya na iya ɗaukar haɗi biyu: alawar Haribo da ake yi a Turkiyya da jelatin saniya ake yin ta, galibin wadda ake yi a Jamus kuwa da na alade.

Idan shakka ta rage bayan duk wannan, sai a rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke jikin kwalin. Kada a tambaye su ko kayan halal ne, domin mai amsawa yakan ce ba su da takardar shaida ya yi shiru. A ambaci sunan kayan da lambar rukunin da aka buga kusa da ranar lalacewa, sannan a tambayi sinadari ɗaya tak: daga tsiro yake ko daga dabba, kuma idan dabba ce, wace iri ce, yaya aka yanka ta.